Bukin "dipo" a ƙasar Gana: gwamna ya kasa hana shi, aljihun uwaye na sake masa kama

Duk wanda fatauci ya taɓa kai shi kudancin ƙasar Gana, in ya bar Akara ya kama hanyar Akosombo, zai ratsa garuruwan Somanya da Odumase da Agomanya. Nan ce ƙasar Krobo, wata ƙabila daga cikin dangin Adangme, manoma kuma ƴan kasuwa, waɗanda suka yi suna wajen ƙera duwatsun ado na kwalba. Kowace shekara, tsakanin watan Afrilu da na Mayu, garuruwan nan na cika da ƴan mata an aske musu kai, an jibga musu jigida a ƙugu, suna taka rawa a hankali cikin layi. Wannan shi ne bukin "dipo", wanda a al'adarsu shi ke fitar da ɗiya daga yarinta ya shigar da ita sahun mata.

Yau shekaru fiye da 130 ke nan ana yaƙi da bukin nan. Gwamnan mulkin mallaka ya hana shi, coci ta la'ance shi, masu kare haƙƙin yara sun yi ta kuka da shi, amma har yanzu ana yi. To sai dai kakannin Krobawa in sun dawo yau da wuya su gane shi. Abin da muke so mu duba tare da masu karatu, musamman uwayenmu mata na kasuwa, shi ne: wa ya sake masa kama, mi aka riƙe daga cikinsa, kuma mi aka yar?

Yadda abin yake tun asali

A da, Krobawa suna da garuruwansu bisa wani dogon dutse da ke tsaye shi kaɗai a tsakiyar fili, wanda ake kira Dutsen Krobo. Gonakinsu na ƙasa, amma gidajen kakanni da kaburbura da wuraren tsafi suna bisa. Can ake kai ƴan mata in sun isa aure, su zauna watanni, wani lokaci shekara guda ko fiye, a hannun tsofaffin mata. Tarihin baka na danganta kafa al'adar da Nana Kloweki, wadda suke ɗauka babbar uwar tsafinsu. Cikin wannan zama ne ake koya ma yarinya daka da niƙa da girki, shara da tsabtar jiki, riƙon miji da renon ɗa, da waƙoƙi da rawar da suke kira "klama". A taƙaice, lakwal ce ta mata tun kafin Nasara ya kawo tasa.

Dokar da ke riƙe da abin duka guda ce: ɗiya ba ta ɗaukar ciki kafin a yi mata dipo. Wadda ta yi, korarta ake daga gari, kuma babu ɗan Krobo da zai aure ta. Shi ya sa babban matakin bukin shi ne hawa wani dutsen tsafi mai suna "tegbete". Ana zaunar da yarinya bisansa sau 3, kuma sun yi imani cewa mai ɓoye ciki asirinta zai tonu a wurin. In ta sauka lafiya sai a goye ta a ruga da ita gida cikin murna. Bayan haka a yi mata ƴan tsage a bayan hannu, shaidar cewa ta ƙetare, a sa mata doguwar malafa. Daga ƙarshe a yi mata ado da zannuwa masu tsada da duwatsu, ta zaga gidajen dangi tana rawa tana godiya, ana yi mata kyauta.

Akwai abu guda da ya kamata mu fayyace, domin da an ce bukin balaga hankalin mutane can yake zuwa: babu kaciyar mata cikin dipo. Ƙasar Gana ta haramta kaciyar mata tun 1994, kuma wannan wata matsala ce daban da ta shafi waɗansu yankunan arewacin ƙasar.

Shekarar 1892: an sauke mutane, ba a sauke al'ada ba

Ƴan mishan na Basel, daga ƙasar Suwis, sun zauna Odumase tun cikin shekarun 1850, kuma tun farko sun ga dipo shi ne babban shingen da ke gabansu. Dalili a fili yake: mutum ya yarda ya shiga coci, amma in ɗiyarsa ta girma ba a yi mata dipo ba, dangi ba su karɓarta, miji kuma ba ya samuwa.

A 1892 sarkin Manya Krobo, mai suna Sakite, ya rasu. Gwamnan Ingila na Gwalkwas, wato Gana ta yau, William Brandford Griffith, ya ga dama ta samu. Bisa zargin cewa ana kashe mutane don tsafin yaƙi na Nadu da Kotoklo, ya ba jama'a kwana 3 su sauka daga dutsen, kuma sojojin mulkin mallaka, waɗanda a lokacin ake kiransu "Hausa", suka rushe gidaje da wuraren tsafi. Dokar hanin da aka kafa ta haɗa har da dipo. Aka naɗa Emmanuel Mate Kole, kirista wanda ya yi karatu kuma ya koyar a hannun ƴan mishan, ya zama sarki. Har gobe mutanen Yilo Krobo, wato ɓangaren Somanya, na hawa dutsen cikin watan Nuwamba don tunawa da wannan saukowa.

Mai kallo daga nesa zai ce shi ke nan, magana ta ƙare. Amma aka sauko da gutsattsarin dutsen tegbete, aka ci gaba da yi a ɓoye cikin ƙauyuka. An ma gwada wani buki na maye gurbi mai suna "bobum", wanda ado ne zalla babu tsafi, domin ɗiyan kiristoci, shi ma bai kashe dipo ba. Abin da dokar ta cim ma shi ne gajarta shi, domin abin da ake yi a ɓoye ba ya ɗaukar shekara. Zaman watanni ya koma na makonni, kuma abin da aka fara yankewa shi ne karatun, saboda shi ke cin lokaci.

Lokacin da Hugo Huber, wani fada ɗan ƙasar Suwis mai binciken al'adu, ya fitar da littafinsa kan Krobawa a 1963, ya tarar da dipo da ransa. Bayan shekaru 40 da ƴan kai, Marijke Steegstra, ƴar ƙasar Holan da ta zauna Odumase, ta fitar da nata littafin a Akara a 2005. Abin da ta nuna shi ne masu kai ɗiyansu dipo da yawansu su ne ke cika coci ranar Lahadi. Ga Krobawa, dipo kamar katin ɗan ƙasa ne na ɗiya mace: shi ke shaida cewa ita ɗiyar gida ce. Mutum na iya sake addini, amma da wuya ya yarda a ce ɗiyarsa baƙuwa ce cikin danginta.

Lakwal, kuɗi da tsoro

Abin da gwamna da bindigarsa ya kasa, abubuwa 3 sun yi shi ba tare da hayaniya ba.

Na farko lakwal. Tsarin mulkin Gana na 1992 ya tanadi karatun farko kyauta kuma dole, sannan tun 2017 karatun lise ma kyauta ne. Babu uwar da za ta fitar da ɗiyarta daga aji tsawon watanni don buki. Yanzu cikin kwana 4 ko 5 an gama muhimman matakan, kuma a waɗansu wurare ana biyan kuɗi a bar ma yarinya gashinta kar ta koma aji da ƙwaryar molo.

Na biyu kuɗi. Akwai akuyar yanka, akwai kuɗin masu tsafi, ga zannuwa, ga abinci da abin sha na baƙi, ga duwatsu waɗanda wanda ba ya da na gado sai ya ara ko ya yi haya. Uwar da ke da ɗiya 3 lissafin kowace ƴar kasuwa take yi: sari ya fi ɗai-ɗai sauƙi. Sai ta haɗa su duka ta yi buki guda. Ta haka ne ake ganin budurwa ƴar shekara 16, da ƙanwarta ƴar shekara 7, har da wadda bakinta bai gama buɗewa ba, cikin layi ɗaya.

Na uku, kuma mafi nauyi, tsoro. A da tsakanin balaga da aure ɗan lokaci ne kaɗan. Yanzu yarinya na shekaru tana karatu ko koyon sana'a, sau da yawa nesa da gida, a Akara ko Tema ko Koforiduwa. In ta yi ciki kafin dipo, abin kunyar gidan duka ya shafa. Sai uwaye suka ga mafita ita ce a yi mata tun ba ta san komi ba. Akwai kuma tsoron coci. Tun daga shekarun 1980 sababbin majami'u masu zafin wa'azi sun yawaita a kudancin Gana, suna kiran dipo bautar gumaka, kuma ko tsofaffin majami'u suna hukunta mabiyansu da suka kai ɗiyansu. To uwa sai ta gaggauta, ta yi tun yarinya ba ta girma ta ce ba ta so ba, ko ta aika da ita wurin kaka a ƙauye a yi, ita kuwa ta ce ba ta sani ba.

Sakamakon haka, dokar da aka kafa don ta tsare ɗiya har ta isa aure an zagaye ta da wayo. Dutsen tegbete ba ya da abin da zai gwada a jikin ƴar shekara 5, kuma ƴar shekara 5 ba ta da abin da za ta riƙe na zaman aure. Masu suka suna ƙara da cewa yarinyar da aka shaida ma gari cewa ta zama mace tun tana shekara 10 ko 12, waɗansu maza na ɗauka ƙofa ce ta buɗe. Wannan suka na da ƙarfi, kuma su kansu dattawan Krobo da ke kare al'adar suna kuka da rage shekarun.

Sida da madatsar ruwa

Babu abin da ya ɓata sunan dipo kamar cutar sida. An fara gano cutar a Gana a 1986, kuma cikin shekarun 1990 gwaje-gwajen da ake yi ma mata masu ciki sun nuna cewa Agomanya na cikin wuraren da ta fi yawa a ƙasar duka. Nan da nan masu wa'azi da waɗansu jaridu suka ɗora laifin kan dipo, suka ce shi ke ba ƴan mata lasisin yawo.

Amma masu bincike sun nuna wata hanya da ta fi kama hankali. An gama gina madatsar ruwa ta Akosombo a 1965, kuma tafkin Volta da ya taru a bayanta ya tashi mutane wajen 80.000, ya cinye gonaki masu yawa, har da na Krobawa. Aikin ginin ya tara dubban maza ƴan ƙwadago a yankin. Da aiki ya ƙare, gona ta tafi, mata da yawa suka bi hanyar neman abinci zuwa ƙasashen maƙwabta, musamman Abijan ta ƙasar Kodebuwa, inda waɗansu suka faɗa karuwanci. Daga can ne da dama suka komo da cutar. Dipo ya daɗe da ɗaruruwan shekaru ba a ga irin wannan ba. Talauci da hijira su ne sabon abu. Mu da muka san abin da fari ke yi ma ƙauyukanmu, da yadda yake tura mutane cin rani, ba mu buƙatar dogon bayani a nan.

Inda al'adar ke da alhaki na gaskiya shi ne wajen aska da reza, in an yi ma yara da yawa aski ko tsage da ƙarfe guda, kuma ma'aikatan lafiya sun yi ta jan kunne a kai. Ya kamata kuma a faɗi cewa waɗanda suka tsaya kan marayun da cutar ta bari su ne sarakunan mata na Manya Krobo, waɗanda ake kira "manye". Ta hanyar ƙungiyarsu sun ɗauki marayu cikin gidajensu maimakon a tara su gidan marayu, kuma sun shiga aikin faɗakarwa.

Ƙirji a buɗe, waya a hannu

A al'ada, yarinya na yin kwanakin dipo ƙirji a buɗe, da ɗan ƙyalle da jigida kawai. Lokacin da masu kallo dangi ne da maƙwabta, babu wanda ya ga abin magana. Sai masu yawon buɗe ido suka zo da na'urorin ɗaukar hoto, daga baya kowa ya samu waya mai hoto a aljihu. Hoton da aka ɗauka yau a Somanya, gobe yana Facebook, kuma ba ya gogewa. Budurwar da ke lise ta san abokan karatunta za su gani. Shi ya sa yanzu a wurare da yawa ana ɗaura ma ƴan mata zane a ƙirji, abin da ƴan matan da uwayensu suka matsa aka karɓa.

Gwamnatin Gana kuwa tana tsaka mai wuya. Sashe na 26 na tsarin mulkinta ya ba kowa ƴancin yin al'adarsa, kuma shi ne dai ya haramta duk al'adar da ke wulaƙanta mutum ko cutar da lafiyarsa. Dokar yara ta 1998 ta sa shekara 18 ce mafi ƙarancin shekarun aure. Amma ba a sake hana dipo ba, hasali ma hukumomin yawon buɗe ido na lissafa shi cikin bukukuwan da ake kiran baƙi su zo kallo.

Kasuwar duwatsu

Ƴan kasuwa za su fi kowa gane wannan ɓangaren. Krobawa na tattara fasassun kwalabe, su daka su zama gari, su zuba cikin ƴan ramukan da aka yi a jikin faifan yumɓu, su soka ɗan karan ganyen rogo a tsakiya, su gasa a tanda. Karan ya ƙone ya bar huda, dutse ya fito. Kasuwar Agomanya na ci ranar Laraba da Asabar, ta duwatsu a Koforiduwa kuma ranar Alhamis, kuma fataken Hausawa sun daɗe cikin wannan ciniki, musamman na tsofaffin duwatsu masu tsada.

Ga matan Krobo, duwatsun gado dukiya ce da ke bi daga kaka zuwa uwa zuwa ɗiya, kamar yadda zinariya da kayan jere suke a ɗakunan matanmu. Ranar fitar dipo ita ce ranar da gida ke nuna abin da ya tara, kuma nauyin jigidar da ke ƙugun yarinya shi ke faɗin matsayin gidansu. Lokacin dipo kaka ce ga maƙera duwatsu da masu zannuwa da teloli da masu abinci da masu hoto. Ke nan ado na da masu kare shi, domin akwai masu ci daga gare shi. Zaman koyarwa kuwa babu mai samun ko dala a cikinsa, shi ya sa ya tafi babu wanda ya tare shi.

Ina aka dosa?

Yau ra'ayi ya kasu 3 a ƙasar Krobo. Akwai masu cewa a bar dipo baki ɗaya, galibinsu mutanen coci. Akwai masu cewa kar a taɓa komi, domin abin da kakanni suka bari ba a yi masa gyara. Akwai kuma masu cewa a riƙe shi amma a gyara.

Mu nan, galibinmu musulmi ne, kuma babu mai ce mana mu yarda da zuba jini ko giya don dutse. Wannan tsakanin Krobawa ne da imaninsu. Amma in ana maganar abin da zai amfani yarinya, tarihi ya riga ya ba masu ra'ayi na farko amsa: an gwada hani da ƙarfin soja a 1892, abin da aka samu shi ne buki a ɓoye wanda aka cire ma karatu. Masu ra'ayi na biyu kuwa suna kare abin da ya riga ya sake kama tun tuni, domin dipon kwana 5 na ƴar shekara 5 ba shi kakanni suka bari ba.

A ganinmu gyara shi ne hanya, kuma gyaran a bayyane yake. A tsaida shekarun da ba a yi ma yarinya kafin ta kai su, yadda za ta fahimci abin da ake gaya mata. A maido da zaman koyarwa ko da na mako guda ne cikin hutun lakwal, a haɗa da bayanin haila da ciki da cututtuka daga bakin ungozoma. Kowace yarinya da rezarta. A hana ɗaukar hoton yara ba da izini ba. A daina ƙyamar wadda ƙaddara ta faɗa ma kafin buki, domin wannan ƙyamar ce ke tura uwaye yin gaggawa, kuma ba mu taɓa jin an kori namijin da ya yi cikin daga gari kamar yadda ake korar ɗiya ba. Wadda kuma ta girma ta ce ba ta so, a bar ta da zaɓinta, ta ci gaba da zama ɗiyar gida. Masu iya aiwatar da wannan su ne sarakunan mata da tsofaffin da ke riƙe da bukin, domin su uwaye ke saurare. Takardar da ta fito daga ofishin minista a Akara ba ta kai ƙofar ɗakin da ake yanke shawarar.

Kafin mu rufe, bari mu waiwayi gida kaɗan. Ba mu da dipo, amma muna da kwanakin da amarya ke yi cikin lalle, inda gwaggo da inna da kaka ke zaunar da ita su gaya mata abin da uwa ke jin nauyin faɗi. Kowa ya ga yadda kwanakin nan ke raguwa, alhali kuɗin anko da kayan ɗaki da masu kiɗa da masu hoto na ƙaruwa, har uwa ta cinye jarinta ta shiga bashin adashi. Uwayenmu mata na kasuwannin Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai sun fi kowa iya lissafi. In buki ya taso, a ware abin da aka kashe don idon mutane, a ware lokacin da aka ba yarinya don abin da za ta shiga da shi ɗakinta, sannan a duba wanne ya rinjaya. Allah ya shirya mana zuri'a, ya ba uwaye ikon sauke nauyin da ke kansu.